Takardar Maraɗi da Yayen 'Yata

'Yata ta wuce shekara biyu tana shan nono, kuma duk matan layinmu na Ƙofar Na'isa sun sani, don ita ba ta ɓoyewa. Ko a gidan suna muke sai ta taho da takalminta a ƙafa, ta ɗaga min hijabi ta ce da bakinta, "Umma, ba ni." Mata su tuntsire da dariya. Wata ta ce in ban yi wasa ba sai an sa ta a islamiyya da nonon a cikin jaka. Wata ta ce ko so nake sai ta fara taya ni wanke-wanke. Ni ma sai in yi dariyar tare da su, in gyara zama in ba ta. Babu wadda ta san dalilina.

Ubanta ɗan Maraɗi ne, yana zuwa Kano sarin atamfa. A gidan Gwaggona a Madabo ya fara ganina, kuma ni na ce ina so, babu wanda ya tura ni. Shekarar farko da ya kai ni Maraɗi ban ga komai ba sai alheri. Daga baya hannunsa ya fara sauri. Marin da ya kashe min kunnen hagu ina cikin jego ya yi min shi, a kan ruwan wanka da bai yi zafi ba. Wata maƙwabciyata ce ta kai ni asibiti, daga can ta raka ni gaban alƙali. Alƙalin ya raba auren, ya ba ni takarda da Faransanci mai shuɗin hatimi. Tafinta ya faɗa min abin da ke ciki: kada mutumin ya kusanci inda nake, kuma yarinya tana hannuna.

Na ga aikin takardar nan da idona. Kafin in baro garin ya taɓa zuwa ƙofar gidan da na fake yana bugun ƙyaure. Aka kira jandarma, 'yan sandan can, suka karanta ta, suka sa shi gaba ba tare da doguwar magana ba. Tun ranar nake ganin girmanta. Na naɗe ta a leda, na sa a ƙasan akwatina, na taho gida da goyona.

Baba ban faɗa masa komai ba sai cewa zaman ya ƙi. Shi kuma bai tambaya ba. Kakanmu da sandarsa ta kiwo ya shigo birni, Baba kuwa a kasuwar shanu ya tsufa, kuma har yau in magana ta yi nauyi sai ya kalli ƙasa ya ce Allah ya kyauta. Inna ta san wani abu, don ta lura ina juya mata gefen dama in tana magana, amma ita ma ba ta kai masa ba.

Yarinya na dab da isa yaye sai ga yayar ubanta ta zo. Ta kawo dabino da cuku da riguna ƙanana masu kyau. A soro ta tsaya ta gaida Baba, ta ce Hajiyarsu ce ta aiko ta. Duk jikokin gidan a ɗakin tsohuwar ake yaye su, wannan ma tana so a kai mata in lokaci ya yi, ta ɗan kwana biyu a dawo da ita. Ina jin su ta tagar ɗakin Inna da ke kallon soron. Baba ya ce, "Ai jikarta ce. In lokacin cire ta ya yi za a sanar da ku."

Da ta shigo ciki na kai mata ruwa. Na ce, "Yaya, kin manta da takardar alƙali?"

Ta sha ruwan ta ajiye kofin. "Wace takarda kuma? Ke ba kya jin rediyo? Mun fita daga ƙungiyar nan taku ta ƙasashe. Mu daban, ku daban. Takardar can a nan ko ƙosai ba za a naɗe da ita ba."

Na ji maganar ficewar a rediyon Baba, amma na ɗauka ta shugabanni ce da masu manyan motoci. Ban taɓa zaton za ta shigo har cikin akwatina ba. Bayan ta tafi na fito da takardar na duba. Hatimin na nan shuɗi kamar jiya. Kalma ɗaya ban iya karantawa ba sai sunana. Abin da na sani shi ne in 'yata ta haye iyaka a bayan wannan matar, ba kwana biyu ba ne, ba zan ƙara ganinta ba sai a hoton waya, in ma sun ga dama.

Sai na riƙe maganar Baba. Ya ce in lokacin cire ta ya yi. To lokacin ba zai yi ba. Babu mai raba ɗa da nono da ƙarfi ya tafi da shi wata ƙasa, ko su ba za su so a ji su da wannan ba. Na ci gaba da ba ta. Na dage da kunun kanwa da ganye don kada ruwan ya ɗauke. Na rame har zobena ya koma babban yatsa. Duk bayan ɗan lokaci wayar Inna ta yi ƙara, in ji tana cewa, "Tukuna, Hajiya. Ba ta da ƙwari ne, haƙora take yi." Yarinyar da ke tauna rake! In ta kashe wayar sai ta harare ni ta ce, "Kin mai da ni maƙaryaciya da furfurata."

Wata safiya Baba yana zaune a kan buzunsa a tsakar gida yana shan koko, rediyo na yi a gefensa. Ina bakin ƙofar ɗaki da yarinyar a cinya. Bai kalle ni ba, da Inna yake magana. Ya ce yarinyar nan ta isa, mutanen nan sun yi haƙuri, ba ya so a ce gidansa ya hana mutane jininsu. Ya ce a shirya mata kaya.

Ban taɓa tsayawa gaban Baba na mayar masa da magana ba, ban kuma san yadda ake yi ba. Sai na juyo da fuskar 'yata gare ni, na yi da ita, da ɗan ƙarfi yadda zai kai tsakar gida.

Na ce, "Ke, kin san abin da ya sa in kina kuka ta wannan gefen ba na ji? Babanki ne. Kina da sati biyu a duniya. Kin san abin da ya sa ba na ɗaukar tulu da hannun nan? Shi ne. Alƙalin garinku ya ce kada ya ƙara zuwa inda muke, ya ce ki zauna wurina. In aka kai ki can ba za a dawo da ke ba, kin ji? Sha nononki."

Ita ta ɗauka wasa ne, tana ja min leɓe tana dariya. Inna ta tsaya cak da tsintsiya a hannu. Na ji Baba ya kashe rediyo. Ya daɗe a zaune, sannan ya tashi ya sa hularsa ya fita. Ya bar rabin kokonsa a kwano, abin da ban taɓa ganin ya yi ba.

Washegari ya ce da Inna, "Ki ce ta ɗauko takardar nan ta sa hijabi."

Muka hau adaidaita zuwa kotu, shi a gefe ɗaya ni a gefe ɗaya, yarinya a tsakiya. Magatakardan wani mai ƙiba ne da tabarau a goshi. Ya juya takardar gaba da baya, ya ɗaga ta ga hasken taga. Na kasa haƙuri na ce, "Malam, ta mutu ko? An ce tunda sun fita ta mutu."

Ya ce, "Wa ya faɗa miki? Ba ta mutu ba. Amma alƙalin can ba ya ba ɗan sandan nan umarni, kuma ko kafin su fita ba kai tsaye abin yake ba. Akwai hanyoyin da ake bi ta sama, ni yanzu ban ma san wacce ce a buɗe ba, kuma kafin a gano yarinyar nan ta yi aure. Ku kai wa malamin Faransanci ya fassara ya sa hannu. Ki shigar da ƙara sabuwa a nan, wannan ta zama shaidarki."

Na fara yi masa godiya. Amma bai gama ba. Ya ce alƙali ba zai yanke komai ba sai ya ji ta bakin mutumin, sammacinsu kuma a iyaka yake tsayawa. Sai an damƙa masa a hannu, a cikin ƙasar nan. Ya tambaya ko yana shigowa Kano. Na ce yana shigowa, amma ban san ranar ba, ban san masaukinsa ba. Ya rubuta min lambar masinjan kotu ya ce duk ranar da muka gan shi a zaune wuri ɗaya, mu kira.

A hanyar dawowa Baba ya yi magana sau ɗaya. Ya ce, "Zai zauna."

Bayan an gama fassara an shigar da ƙara, Baba ya kira mutanen Maraɗi a waya da kansa. Ina jin abin da ya ce, don a tsakar gida ya tsaya. Ya ce su zo a yi maganar yarinyar nan, amma uban ya zo da ƙafarsa, shi ba ya maganar 'ya da ɗan aike. Da ya gama ya juyo wajen Inna kamar ta zarge shi, ya ce, "Ban ce su zo su ɗauka ba. Na ce a yi magana." Inna ta ce ita ba ta ce komai ba.

Ranar da aka sa, da hantsi suka iso, uban yarinyar da yayarsa. Kafin in ji muryarsa turarensa na fara ji, ya biyo ta tagar nan. Na shige ƙuryar ɗakin Inna na sa sakata, na manna yarinyar a ƙirji. Na kira masinja. Sau biyu ina danna lambar ba daidai ba. Da ya ɗauka ya ce yana wajen Shahuci da wani sammacin, ga cunkoso, sai ya gama zai biya ya ɗauki mai unguwarmu su taho. Na ce, "Don Allah Malam, yaushe?" Ya ce, "Ku dai riƙe shi."

Da me za mu riƙe ƙato kamar wannan? Ashe Baba ya riga ya shirya. Tun asuba ya sa an yanka zakara biyu, Inna ta tuƙa tuwon shinkafa da miyar taushe, an damo fura. Amma bai bari an fito da komai ba tukuna. Gaisuwa ya fara. Ya tambayi Hajiya, ya tambayi ƙafarta da ke ciwo, ya tambayi kawunnai ɗaya bayan ɗaya har da wanda ya rasu, aka yi masa addu'a. Ya tambayi damina a can, da kuɗin buhun gero, da yadda shanu ke shigowa yanzu da iyaka ta yi wuya. Baban da yini guda ba ya haɗa zance goma. Mutumin ya yi gyaran murya ya ce, "Baba, dama maganar yarinyar ce, muna so mu kama hanya da wuri."

Baba ya ce, "Subhanallahi. Ka taso daga wata ƙasa ka yi magana da yunwa a sorona? A kawo ruwa."

Aka kai ruwa, aka kai fura. Sai da suka sha aka jima sannan tuwo ya fita. A faranti ɗaya Baba ya sa suka ci, kuma kowa ya san yaro ba ya tsame hannu ya miƙe babba na ci. Baba kuwa haƙoransa sun yi saura kaɗan. Ina jin yadda yake tsotsar ƙashi ɗaya kamar ba zai rabu da shi ba, yana cewa, "Ci mana, ɗauki cinyar nan, ai don kai aka yanka."

A tsakar gida Inna na fama da yayar. Ita ta fi ƙaninta wayo, ta fara jin wani abu.

"Inna, ina yarinyar ne? Tun da na zo ban ji motsinta ba."

"Barci take, Hajiya. Ƙara miya."

"Na ƙoshi. Uwar fa? Ko gaisuwa babu?"

"Tana ba ta nono."

"Har yanzu? Wannan ai sai ta tsotse ta ta bar ƙashi. Ina kayan da aka haɗa mata?"

"Au, ba ki ɗanɗana dambun nan ba. Da hannuna na yi, in kika bar shi kin raina ni."

Na ji ta ja tsaki ƙasa-ƙasa, na kuma ji ƙarar cokali. Yarinyar ta ƙoshi tana son sauka ta yi wasa, ina mayar da ita, ina rufe mata baki da nonon don kada ta yi kira. Har aka yi kiran azahar babu masinja. Baba ya ce to ai sai a yi salla tukuna. Suka fita masallacin layi. Nan ne na fi tsorata, don na san daga masallaci mutum na iya zamewa. Amma takalminsa mai tsada ne, Baba ya ce ya bar shi a soro ya sa silifas, ana ɗauke takalma a masallacin nan. Dole ya dawo.

Suna dawowa ana zuba shayi na ji babur ya tsaya, na ji sallamar mai unguwa. Baba ya amsa ya ce, "Bismillah, ku zauna, akwai saura." Wata murya da ban sani ba ta kira cikakken sunan mutumin, ta tambaya ko shi ne. Ya ce shi ne. Sai ƙarar takarda.

Can uban yarinyar ya ce, "Baba, a gidanka? Ina cin abincinka?"

Baba ya ce, "Haƙƙinka na baƙo ne, ka ci. Sauran maganar a gaban alƙali za a yi ta. Sa hannu, malamin nan yana da wurin zuwa."

Yayar ta fita fuu ba sallama, ta bar mayafinta a kan tabarma, sai da Inna ta bi ta da shi har ƙofa.

Na yi zaton ba zai zo kotun ba. Amma cinikinsa a Kano yake, mai unguwa kuma ya faɗa masa a gaban kowa cewa wanda ya ƙi amsa sammaci da wuya ya ƙara zama lafiya a kasuwa. Ya zo da babbar riga. Aka karanta fassarar a fili, har da abin da likita ya rubuta game da kunnena. Baba na zaune a benci na baya, kansa a ƙasa. Alƙali ya tambayi mutumin ko an yi wannan shari'a a can. Ya ce, "Allah ya gafarta Malam, wannan takarda ba ta da ƙarfi a ƙasar nan, mun fita daga..."

Alƙali ya katse shi. "Ban tambaye ka ƙarfinta ba. Na ce an yi ko ba a yi ba?"

Ya daɗe yana gyara hula, sannan ya ce an yi.

Sai da muka koma wani zaman kafin a yanke. Yarinya tana hannuna. Kada ya kusanci gidanmu ko ya tare ni a hanya. In kakarta na son ganinta ta zo Kano, a gidan mai unguwa, ina zaune. Aka ba ni takarda sabuwa, aka ce a kai ɗaya ofishin 'yan sandan yankinmu, ɗaya wurin mai unguwa. Wannan da Hausa aka rubuta gefe ɗaya. A cikin adaidaita na karanta ta da kaina, ina bi da yatsa, ina haɗa baƙaƙen kamar yadda na koya kafin in bar firamare. Da na kai wurin da aka ce riƙon yarinya na wajen mahaifiyarta sai na sake komawa farkon layin.

Na san ita ma wannan a iyaka take tsayawa, magatakardan bai ɓoye min ba. Shi ya sa har yau in baƙuwar mota ta daɗe a bakin layi sai na leƙa na ga inda yarinyar take. Amma yanzu ina da lambar da zan kira, kuma wanda zai ɗauka ya san abin da aka rubuta.

Satin da ya biyo baya na haɗa mata kaya a ƙaramar jaka na kai ta yaye Madabo wurin Gwaggo. Gwaggo ta karɓe ta ta ce in juya kada in waiwaya. Na waiwaya. Ƙirjina ya kumbura ya yi tauri kamar dutse, Inna tana gasa min da ruwan ɗumi tana faɗa, wai da na cire ta a kan lokaci da ban sha wannan wuyar ba. Kullum da la'asar sai in sa hijabi in tafi har bakin lungun Gwaggo, in tsaya wajen mai tuyar awara ina saurare da kunnen da ke ji, in dawo ban shiga ba.

Ranar da Gwaggo ta aiko in zo, na tarar da ita zaune a tabarma ta baje ƙafafu, kwanon shinkafa da wake a gabanta, mai har gwiwar hannu. Ta ɗago ta gan ni. Na durƙusa na buɗe hannu. Sai ta tura baki ta juya min ƙeya, ta jawo kwanonta ta koma bayan Gwaggo.

Gwaggo ta ce, "Fushi take, ƙyale ta. Kuma kada ki zauna ki ɗora ta a cinya, yanzu sai ta tuna. Tashi ki ɗebo min ruwa a randa."

Na tashi na ɗauki moɗa. Ina tsaye a bakin randar na ji an kama min gefen zane ta baya, da hannu mai maiƙo.